Ranar da Jirgin Ƙasa Ya Tafi Mini da Miji a Kofenhagin

Abu na farko da ƙasar Danmak ta karɓe mini shi ne kilishi. Muna sauka filin jirgin Kofenhagin, ƙafafuna duk sun kumbura saboda zama, wata ma'aikaciya doguwa mai farin gashi ta sa na buɗe jakata. Ta ga kuka ta wuce. Ta ga daddawa, ta ɗan toshe hanci, ta wuce. Ta damƙi aya ta jujjuya a tafin hannu ta mayar. Da ta kai ga kilishin da na sa aka yi mini musamman a Gazawa saboda ƴata mai jego, sai ta ɗaga shi tana girgiza kai. Maigidana Malam ya yi mata Faransanci iya Faransanci, ta saurare shi da murmushi har ya gama, sannan ta jefa ƙunshin cikin wani babban bokiti. Na bi shi da ido, raina duk ya ɓaci. Malam ya matso kusa da kunnena ya ce in yi haƙuri, mutanen da suka ƙwace kilishi suka bar daddawa ai ba su san inda daɗi yake ba. Da dariya muka shiga ƙasar.

Sunana Dije, ƴar Cadawa ce ni, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun ina amarya. Maigidana Malam Idi, wanda gari ke kira Mushe Idi kamar yadda ake kiran malaman lakol, wato makarantar boko, a wajenmu, ya koyar a Cadawa da Gazawa har Cadakori kafin ya aje alli. Autarmu Rakiya ce ke aure a Kofenhagin. Karatu ya kai mijinta Sani can, yana binciken ruwan sha. Da ta haihu suka matsa sai mun zo, Sani ya yi ta fama da takardu har Allah ya sa aka ba mu biza.

Ganin jika shi ne dalilin da aka faɗa wa mutane. Akwai kuma wanda ba a faɗa ba. Idon Malam yana tafiya. Likitan ido na Maraɗi ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Gefe da gefe ya riga ya rufe, abin da ke gabansa sosai yake gani kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, na nesa kuma dishi-dishi. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa yara teku a allo da shuɗin alli, shi kuwa ruwan da ya fi girma da ya taɓa gani shi ne kogin Yamai. Rakiya ta san haka. Ni ma na sani.

Gidansu ɗan ƙarami ne a saman bene, in ka yi atishawa a falo ana ji a ɗakin girki. Da safe ina kan aikin jego: ruwan zafi, kunun kanwa, gasa cibiyar jariri. In na gama sai Rakiya ta ce, Inna, ki fita da Baba ya sha iska. Sani yana wurin karatu, ita ba ta fita, saboda haka mu biyu ne kawai. Ya ba mu katin da ake shiga jirgin ƙasa da manyan motocin gari da shi, ya ba ni salula ya nuna mini inda zan danna in samu Rakiya. Ya kuma ja mana kunne a kan tsada. Ya ce kofin shayi ɗaya a garin nan ya isa cefanen gida a Cadawa. Malam ya ce to ai kallo ba a sayensa, ƙafa kuma tamu ce. Haka muka tsara: in zuba dambun zogale a ɗan kwano mai murfi, in ƙulle aya a leda, mu cika gora da ruwan famfo, mu kama hanya ba mai koran mu.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jerawa da Malam a titi ba. In za mu gidan suna ko gaisuwa, yana gaba ina baya, tsakaninmu tazarar da kunya ta aje. A Kofenhagin dole ta sa na riƙe masa hannu, domin fitarmu ta farko saura kaɗan keke ya kwashe shi. Ashe kekuna hanyarsu daban, kuma suna zuwa shiru kamar maciji, sai dai ka ji iska ta wuce ka. Da na kama hannunsa sai na ji kamar duk garin ni ake kallo. Na ɗaga kai, ba wanda ya ko waiwayo. Malam ya ce an ce baƙo makaho ne ko da ido, shi ga shi ya haɗa biyun, in riƙe da kyau. Kafin mako ya zagayo na saba, har in mun zauna a benci sai in tarar ban saki ba.

Kekunan nan sun ba ni mamaki fiye da dogayen gidaje. Tsoho da kwat da jakar buro irin ta ma'aikata yana kan keke. Mace ta zuba ƴaƴa a wani akwati da ke gaban kekenta kamar ƙaramin amalanke, suna cin burodi tana tuƙi. Ni da na ɗauka ƙasar masu kuɗi kowa da motarsa.

Wata rana muna tafe a wani lungu mai daɓen duwatsu sai na ga keken jarirai a ƙofar gidan shan shayi, ba kowa kusa. Na leƙa, sai ga jariri yana barci, kumatu jajur. Na ce wa Malam an yar da ɗa. Muka tsaya a kansa muna gadi, ina kore masa iska da bakin mayafina, ina duban kowa da ya wuce da idon tuhuma. Can wata mata ta fito da kofi a hannu, ta gan mu tsaye kamar jandarma, ta yi turus. Na danna wa Rakiya na faɗa mata, sai na ji tana dariya har jaririnta ya farka. Ta ce haka suke yi, uwar tana ciki tana kallonsa ta taga, wai barci a iska yana ƙara wa yaro lafiya. Na miƙa wa matar salula suka yi magana. Ita ma ta tuntsire da dariya, ta dafa ƙirji, ta koma ciki ta fito mana da wani burodi mai zaƙi a naɗe kamar gammo, yana ƙamshin kirfa. Muka zauna bakin wani ruwa muka cinye shi da aya.

Akwai wata tsohuwar hasumiya a tsakiyar gari da Sani ya ce kada mu bari ta wuce mu, shigarta ba tsada. Na so in ƙi saboda matakala ita ce abokiyar gabar Malam, ba ya ganin bakinta. Ashe wannan ba ta da matakala sai can kusa da ƙarshe. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya take ta naɗewa tana hawa kamar cikin katantanwa. Malam ya saki hannuna ya dafa bango, ya riƙa hawa da sauri har ina haki a bayansa. Da muka fito sama iska ta buge mu, gari duka ya baje a ƙarƙashinmu. Na ce, kai, abin da kyau.

“Kada ki ce mini da kyau,” in ji shi. “Da kyau ba amsa ba ce. Faɗa mini launinsa, da tsawonsa, da abin da ya yi kama da shi a gida.”

Na ce yau kuma ni aka mayar ƴar lakol. Amma na yi ƙoƙari. Na ce rufin gidajen ja ne kamar jan ƙasar da ake yaɓe da ita, wasu kuma kore kamar ganyen yakuwa da ya fara bushewa. Na ce ga wata hasumiya can siririya mai tsini kamar an kafa mazari. Ga hayaƙi fari yana fita daga wani dogon bututu, iska tana kwantar da shi gabas. Yana jin haka yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ce in sake, ban faɗa daidai ba. Daga ranar aikina ya zama biyu, jagora da ba da labari, kuma na ga ina jin daɗin na biyun. Abin da da zan kalla in wuce, yanzu sai na tsaya na nemo masa suna.

Kewar gida ta fi kama ni ranar da aka yi ruwa. Lokacin damina ne a wajenmu, mun baro gero ya fara kai gwiwa, aya tana son ruwa. A can kuwa ruwa yana zuba ba wanda ya ɗaga kai ya ce alhamdu lillahi, kowa ya ja hular rigarsa ya ci gaba da tuƙa keke. Malam ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya ya tara hannu, ya ce da wannan a gonarmu ta hanyar Agye ya sauka. Muna komawa gida na sa aka kira mini babban ɗanmu, ban ko gama gaisuwa ba na tambaye shi ruwa. Ya ce an yi kwana biyu shiru, amma hadari yana haɗuwa. Sai na ji ina son ƙamshin ƙasa in ta sha ruwan fari, ina son jin kiran salla daga masallacin unguwarmu, domin a can salula ce ke gaya maka lokaci, rana kuma ba ta son faɗuwa, sai ka gaji da jiran magariba. Na shiga ɗakin girki na kaɗa miyar kuka da daddawa mai yawa, har maƙwabcinsu ya buɗe taga.

An kuma cuce mu, ba zan ɓoye ba. Akwai wani wuri bakin ruwa mai gidaje jere, wannan rawaya, wannan ja, wannan shuɗi, kamar an shanya atamfofi. Daga nan jiragen ruwa ke ɗaukar baƙi suna zagaya gari da su. Malam yana so, amma da muka ji kuɗin sai muka ja da baya muka zauna kallo. Sai ga wani baƙin mutum mai tsabta, da jaka a kafaɗa, ya gaishe mu da Faransanci. Ku ga fuskar Malam. Kwana da kwanaki bakinsa a rufe, mutanen garin yarensu daban, in sun sauya kuma sai Ingilishi, yau ga wanda zai yi hira da shi. Mutumin ya kira shi Papa, ya kira ni Mama, ya ce ya san Maraɗi, har ya taɓa cin tuwo a tashar mota. Ya ce yana da tike biyu na jirgin da wasu baƙinsa suka fasa, zai bar mana a rabin kuɗi saboda mu iyayensa ne. Na taɓa Malam da gwiwar hannu, domin ni ƴar kasuwa ce, na san mai zaƙin baki. Amma daɗin hira ya riga ya kwashe shi. Ya ciro abin da Sani ya ba mu na ko-ta-kwana ya miƙa.

A bakin jirgin wata budurwa ta karɓi tiken ta duba, ta nuna mana kwanan watan da ke jiki. Na bara ne. Muka waiwaya, mutumin ya bi iska. Malam ya cire hula ya mayar. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi daga baya, Papa ɗin da aka kira shi. Na ce araha ba ta ado, na bar zancen a nan, domin na ga ya ishe shi.

Budurwar nan ba ta bar mu haka ba. Ta ga katin Sani a hannuna, ta karɓa ta jujjuya, sai ta kira wani ya tsaya mata, ta taka da mu har wani ɗan dandamali a gaba. Ta nuna mana wani jirgin ruwa rawaya da ke tahowa, ta nuna katin, ta ɗaga babban yatsa. Ashe jirgin nan motar haya ce ta kan ruwa, ma'aikata ke shiga su tafi aiki, kuma katinmu ya isa. Muka shiga muna ɗar-ɗar, ba wanda ya ce mana kanzil. Muka je ƙarshen hanya muka dawo, muka sake komawa. Na buɗe dambu a kan cinyata, iska tana kaɗa mayafina, ina gaya wa Malam ga wani gini baƙi mai sheƙi kamar gawayin da aka wanke, ga gada tana buɗewa biyu don jirgi mai dogon itace ya wuce. Kafin la'asar ya manta da mai jaka, yana ta tambaya ko wannan shi ne teku.

Da muka koma gida Sani ya ce a'a, wannan mashigi ne kawai da ya ratsa gari. Teku na gaske, wanda ba a ganin ƙarshensa, sai mun shiga jirgin ƙasa mun sauka a wata tasha kusa da bakin ruwa. Ya faɗi sunan tashar, Malam ya yi ta maimaitawa kamar mai hadda har ya zauna masa. Ni na kasa, harshena ya ƙi.

Jirgin ƙasan nan ba shi da direba. Ranar da muka fara shigarsa na leƙa gaba na ga ba kowa sai gilashi, na yi salati na nemi sauka. Malam kuwa ya ƙaunace shi, kullum sai ya nemi kujerar gaba ya zauna yana kallon ramin da muke kutsawa. Ranar teku ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a da hula, wai ba a zuwa gaida babba da kayan gida. Muka sauka ƙarƙashin ƙasa inda za mu canza jirgi. Mutane sun yi yawa. Jirgi ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, muka nufi shiga, sai wani mai gaggawa ya bangaje ni gorar ruwa ta faɗi ta gangara. Na saki hannun Malam na sunkuya. Ɗagowar da zan yi, ƙofar gilashi ta rufe tsakaninmu.

Na gan shi a ciki yana juya kai hagu da dama, yana lalube da hannu inda ya saba samuna. Na buga gilashin. Ba direban da zan yi wa ihu. Jirgin ya ja, ramin ya haɗiye shi.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Salula tana wurina, kati yana wurina, har maganin idonsa yana jakata. Ba shi da komai sai rigar jikinsa da Faransancin da ba mai ji. Na tuna bakin dandamali da ba ya gani, na tuna kekuna. Na danna wa Rakiya, da ta ɗauka na kasa haɗa magana, sai cewa nake jirgi ya tafi da Babanku. Ta ruɗe, jariri yana kuka a bayanta, ta ce in tsaya inda nake, za ta nemi Sani.

Sai na ji an ce assalamu alaikum. Wata matashiya ce siririya mai hijabi, da rigar ma'aikatan gidan likita a ƙarƙashin rigar sanyinta. Daga baya Rakiya ta gaya mini ƴar Somaliya ce. Ban da sallamar nan ba kalma ɗaya da muka haɗa. Ta tsuguna ta karɓi salula, suka yi magana da Rakiya, ta kama hannuna ta ɗaga ni ta kai ni wurin wani ƙarfe mai maɓalli. Ta danna, wata murya ta amsa, ta yi bayani tana nuna tsawon Malam da hannu kamar muryar tana ganinta. Jirage suna zuwa suna wucewa, na san nata yana ciki, ba ta ko kalle su ba. Tana riƙe da hannuna tana cewa in sha Allah, in sha Allah.

Da muryar ta dawo, Rakiya ta fassara mini. An ga dattijo mai farar riga ya sauka a tashar bakin teku. Ya tsaya jim, sannan wani tsoho ya kama masa hannu sun fita tare. Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi. Wanda ya kira shi Papa ma hannu ya ba shi. Na ce wa Rakiya ba zan jira Sani ba. Matashiyar ta shiga jirgi da ni, ta tsaya a kaina har tashar, ta fito da ni waje.

Iskar wurin daban ce, mai sanyi da wani ƙarni-ƙarni. Na duba dama ba shi, na duba hagu ba shi. Muka bi wata hanya da mutane ke bi da tawul a kafaɗa, ina tafe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ba mu yi nisa ba na hango farar riga a kan benci. Yana zaune ya harɗe ƙafa, hula a gefe, yana zuba Faransanci da hannu da baki. Kusa da shi wani tsohon Bature ne mai jan fuska da farin gemu, ga kuma ɗan kare ya kwanta a kan bakin babbar rigar Juma'a, Malam ɗin da ko inuwar kare ba ya yarda ta taɓa shi.

Na tsaya a gabansa sosai inda zai gan ni. Na shirya faɗa tun daga cikin jirgi, amma da na buɗe baki kuka ne ya fito.

“Dije, kin iso,” ya ce, kamar daga ɗakin girki na fito. “Zauna ki huta. Wannan bawan Allah tun ɗazu yake cewa in zo ya kai ni, wai ruwan yana bayan tudun can. Na ce masa a'a. Na jira shi tun ina saurayi, zan iya ƙara jira har ki zo.”

Na zauna. Ashe da ya sauka ya tsaya inda yake bai motsa ba, tsohon ya lura da shi ya yi masa magana da yare biyu bai ji ba, na uku ya dace. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, a ƙuruciyarsa ya sha zuwa Kwatano da Legas, can ya tsinci Faransancinsa mai karaya. Ya ga iskar tashar tana kaɗa Malam, ba wurin zama, shi ya sa ya kawo shi bencin da duk mai zuwa teku sai ya wuce ta gabansa. Da Malam ya gaya masa sana'ata sai ya buga cinya, ya ce ya yi lodin buhunan gyaɗa har bayansa ya ƙage, wa ya sani ko ta ƙasarmu ce. Na juya in gode wa matashiyar, na tarar tana duba agogo. Na kwance ledar aya na juye mata rabi a aljihun rigarta. Ta rungume ni, ta juya da gudu. Ko sunanta ban sani ba.

Mu uku da kare muka haye wata ƴar gada, muka hau tudun yashi mai ciyawa. Daga samansa na gan shi. Na taɓa jin ana cewa gani ya kori ji, ranar na san ma'anarsa. Ruwa ne ya tashi daga ƙafafunmu ya tafi har ya haɗe da sama, yana numfashi kamar mai rai. Malam ya matse hannuna. Ya ce shi haske yake gani mai yawa yana motsi, in gaya masa ina ƙarshensa. Na ce babu. Ya ce in duba da kyau. Na ce Malam, na duba, babu.

Ya cire takalma ya naɗe wando, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Na ɗage zanena kaɗan muka taka tare. Sanyin ruwan ya soke ni har ƙwaƙwalwa, na yi ƙara na ja da baya, shi kuwa ya ƙara shiga har gwiwa yana dariya irin wadda rabona da ji tun yaranmu suna ƙanana. Ya kamfato da hannu ya kai baki, ya tofar, ya sake kamfata. Ya ce shekara da shekaru yana gaya wa ƴaƴan mutane ruwan teku gishiri ne, a ransa kuwa yana cewa Allah ya sa ba ƙarya littafi ya sa shi yi ba.

Sai ya ce to, fara. Na ce can cikin ruwa ga wasu dogayen fararen turaku a jere, kowanne da hannu uku yana juyawa a hankali kamar mata suna sheƙe hatsi. Tsohon ya ce wuta suke samarwa daga iska. Na ce daga dama, nesa sosai, ga wata gada siririya kamar zaren da aka ja a kan ruwa, tsakiyarta da turaku masu igiyoyi kamar gurmi, ta tafi har ta shige wata ƙasa da ake hangowa dishi-dishi. Tsohon ya ce Suwidin ke nan. Malam ya juya fuskarsa wajen, ya daɗe yana kallo, ya ce in sake faɗin gadar. Na sake. Na ce ga jirgin ruwa mai girman unguwa yana tafiya kamar ba ya tafiya. Da na waiwaya bakin yashi na ga masu wanka da abin da suka sa, ko in ce abin da ba su sa ba, sai na yi shiru. Ya ce me na gani na ɓoye masa. Na ce wannan ba ya cikin darasi. Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya taya mu dariya.

A nan Sani ya same mu, ya zo a guje a kan keke, gumi ya jiƙa shi, ya tarar da surukansa biyu jiƙe har gwiwa suna cin dambu da wani Bature da karensa.

Mun dawo Cadawa ana shirin girbi. Zuwa damina ta gaba idon Malam ya ƙara ja baya, yanzu sai da sanda yake zuwa masallaci. Da la'asar yana zama ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar gida, tsofaffin ɗalibansa, waɗansu har da furfura, suna zuwa su zauna ya ba su labarin ƙasar da jirgi ke tafiya ba direba. Ina jin su ta katanga ina murza ƙuli. Yana faɗin turaku masu sheƙe iska, da rufi mai launin yakuwa, da gada kamar zare, kalma bayan kalma yadda na faɗa masa. Rannan wani daga cikinsu, mai gyaran babur a bakin kasuwa, ya yi ƙarfin hali ya ce, Mushe, gadar nan kuwa da idonka ka gan ta?

Sai na ji Malam ya ɗaga murya ta kan katanga.

“Dije, gadar nan mun gan ta ko ba mu gan ta ba?”

Na tsame hannuna daga tunkuza na ce, “Mun gan ta, Malam.”